Ɗakin da Ba Shi da Mai Tsaron Ƙofa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa muridai, a shekarar 2003 aka fitar da wani fim na Ingila mai suna Love Actually, na ban dariya da soyayya a lokacin bikin Kirsimeti. Saboda tsiraici da batsar da ke cikinsa, an hana ƴan ƙasa da shekara 15 shiga silima kallonsa a can. A 2004 sai ya fito a faifan DVD, ya shiga gidaje. A silima akwai mai tsaron ƙofa, a ɗaki kuwa babu.

Wani dare a ɗakin kwananmu na jami'a, abokina ya kunna shi a kwamfuta. Na ce dariya kawai zan yi. Da asuba na zauna lazimi, carbi na tafiya, harshe na istigfari, zuciya kuwa tana can wajen hotunan jiya. Kwana uku ban ji daɗin wazifa ba.

Da na kai kuka ga muƙaddaminmu, bai yi mini faɗa ba. Ya tuna mini umarnin runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30, ya ce ido mashigar zuciya ne, kuma inda babu mai gadi, sanin Allah Yana ganinka shi ne mai gadinka.

Ɗan'uwa, kafin ka kunna, tuna da wuridin gobe. Allah Ya tsare idanunmu, Ya wanke zukatanmu, albarkar Annabi. Amin.