Dogon Hutu: Ko Fita Yawo Da Yara Ya Dace Da Dattijo?

  

Ga shi an sallami 'yan makaranta dogon hutu, gidaje sun cika da hayaniya tun daga hantsi har bayan Lisha. A ƙasashen Turai da Amurka wannan hutu ya kan faɗo ne a lokacin zafinsu, iyali su kwashi 'ya'yansu su nufi bakin teku ko wuraren shaƙatawa. Mu kuwa a nan ya kan same mu a tsakiyar damina, daga ƙarshen watan Yuli har cikin Satumba, sa'ad da ƙasa ta yi kore, kududdufai suka tumbatsa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a wannan mako shi ne wata tambaya da wani maƙwabcina ya yi mini a ƙofar masallaci bayan Magariba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, uwar yaran nan ta matsa mini wai in fita da su yawo tun da an yi hutu. Yanzu ni da furfurata a gan ni ina jan ƙananan yara a titi? Na ciyar, na tufatar, na biya kuɗin makaranta. Ashe akwai sauran wani hakki a kaina?" Na ce masa, "Alhaji, tambayarka ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci, ka bar ni in amsa maka a rubuce." Na tabbata kuwa ba shi kaɗai ba ne ya ke da wannan tunani.

Da farko dai, kalmar "yawo" ita ce ta fara ɓata al'amarin. A Hausa idan aka ce yaro ya cika yawo, zagi ne, watau ya zama ɗan gantali. Saboda haka da zarar dattijo ya ji an haɗa sunansa da yawo sai ya ji kamar an taɓa masa rawani. Larabawa kuwa suna kiran fita shan iska "nuzha", asalin kalmar kuma yana nufin nisanta daga ƙazanta da abin ƙi, shi ya sa a ke kiran mutum mai kamun kai "nazih". Ashe ke nan fita iri biyu ce. Akwai wadda ta ke kai mutum ga ƙazanta, akwai wadda ta ke nisanta shi daga gare ta. Abin da ya raba su shi ne niyya, da wurin da aka nufa, da kuma wanda aka bi. Yaron da ya ke riƙe da hannun ubansa ba a kiransa ɗan gantali ko da sun kewaye gari.

Ni malamin Larabci ne, kuma kowace shekara idan aka dawo daga hutu na kan ba ɗalibaina insha'i a kan yadda suka yi hutunsu. Yawancinsu layi uku su ke rubutawa: na ci, na yi barci, na yi kallo. Da fari na ɗauka ƙarancin kalmomi ne ya hana su. Sai na ce su faɗa mini da Hausa, nan ma shiru. Amma wata shekara wani yaro, ɗan talaka lis, ya cika mini shafi biyu, ga kurakuran nahawu birjik, duk a kan rana guda da ubansa ya ɗauke shi a bayan keke zuwa gona, ruwa ya tare su, suka fake a wata rumfa suka ci gasasshiyar masara. Tun daga ranar na gane cewa ɗaliban nan suna da bakin magana, abin faɗi ne ba su da shi, domin ba wanda ya kai su inda za su gani.

To, sai mu koma ga batun girma da furfura. Babu wanda ya kai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kwarjini da nauyin al'umma. Duk da haka ya tabbata a cikin ingantattun hadisai ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya kan tsaya ya yi wa ƙanin Anas ɗan Malik, wani ɗan yaro mai alkunya Abu Umair, barkwanci game da ɗan tsuntsun da ya ke wasa da shi. Ya tsaya wa Nana A'isha har ta ƙoshi da kallon Habashawa suna wasan masu a masallaci. Sa'ad da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi bai yaba masa ba, sai ma ya gargaɗe shi cewa wanda ba ya jinƙai ba za a ji ƙansa ba.

Lalle al'adarmu ta kunya tana da kyau a wurare da yawa, kuma ban zo in rushe ta ba. Amma tsoron raini ya sa waɗansu iyaye maza sun zama kamar baƙi a gidajensu. Da sun yi sallama sai yara su watse, kowa ya nemi lungu. Uban ya ɗauka girma a ke ba shi, alhali kuwa gudunsa a ke yi. Ranar da yaron nan ya kai shekara goma sha biyar, ya shiga wani ruɗani, ba zai kawo ƙara wurin mutumin da bai taɓa yin hira da shi ba. Zai kai wa abokinsa na bakin titi, shi kuwa ya ba shi irin shawarar da ya ke da ita. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, mai tanƙwarawa kuwa dole ya matso kusa ya sa hannu.

Waɗansu iyayen kuma sun ɗauki wata hanya dabam. Ranar da aka yi hutu, kashegari sun sa yaro a lasin na safe, da Islamiyya ta rana, da hadda ta dare, har ya zama hutun ya fi zangon karatu wahala. Niyyarsu kyakkyawa ce, kuma ba mai cewa a jingine karatun Alƙur'ani wata biyu. Amma Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, watau 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumid Din cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan an taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira, har ya dinga neman dabarar kuɓuta daga karatun ɗungum. Mu da mu ke cikin aji mun san fuskar irin wannan yaro. Ya kan dawo a watan Satumba a gajiye, idonsa na kan allo, hankalinsa yana wani wuri.

Sa'an nan ku sani, yaron da ba a fita da shi ba zai fita da kansa. Damina ce, kududdufai da ramukan da aka haƙa ƙasar gini duk sun cika, kuma ba shekarar da ba a jin labarin ruwa ya ci yara. Wanda ya tsira daga nutsewa kuma yana iya kwaso tsargiya, domin tsutsar da ke kawo ta tana fitowa ne daga jikin dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta huda fatar mai wanka, bayan 'yan makonni ko watanni a ga yaro yana fitsarin jini. Wanda aka kulle a gida kuwa, aka miƙa masa waya domin ya yi shiru, shi ma ya fita, har ya fi na kududdufi nisa, kuma ba wanda ya san inda ya je ko wanda ya haɗu da shi.

Na san za a ce mini, "Malam, ana fama da abin sawa a baki, ina kuɗin yawo?" Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Amma wa ya ce sai an je inda a ke yankan tikiti mai tsada? Bari in yi misali da birnin Kano inda na ke zaune. Akwai yaran da aka haifa a gindin Dala, suna ganin dutsen kullum, ba su taɓa hawa da wani babba ya nuna musu gari daga sama ba. Ga Gidan Makama, wanda tarihi ya danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma ɗakin ajiye kayan tarihi ne. Ga marinar Ƙofar Mata, inda yaro zai ga an tsoma farin ƙyalle a karofi, an fito da shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsa. Ga abin da ya rage na ganuwa, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134. Ga gidan namun daji da aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Na Katsina suna da hasumiyar Gobarau, na Daura suna da rijiyar Kusugu, kowane gari kuma da nasa. Gani ya kori ji.

Wanda duk ya fi waɗannan araha kuwa shi ne gona. A wannan lokaci gero yana fid da kai, gyaɗa tana fure, wake yana yaɗo. Yaran birni da yawa suna cin tuwo ba su san bambancin ganyen dawa da na gero ba. Ka kai ɗanka ya ga gawo tsaye ba ganye a tsakiyar damina alhali sauran itatuwa sun yi lif, ya tambaye ka dalili. Ka nuna masa shamuwa, ka gaya masa zuwanta a ke yi wa kallon alamar ruwa ya kusa. Alƙur'ani ya yi ta kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba, su kuma lura da yadda ruwa ke rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Yaron da ya ga fako ya zama kore da idonsa, ranar da malami ya fassara masa waɗannan ayoyi ba zai sha wuyar ganewa ba. Haka kuma ziyarar kaka da gwaggo da kawu a ƙauye, in hanya tana da aminci, fita ce kuma sada zumunci ne, lada biyu ke nan.

Akwai sharaɗi guda da ba zan tsallake ba, shi ne adalci. Sau da yawa uba ya kan ɗauki 'ya'ya maza ya bar mata suna wanke-wanke, ko ya ɗauki 'ya'yan ɗaki guda ya bar na ɗaya ɗakin suna leƙe ta zaure. Sa'ad da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya nemi Annabi ya shaida, Annabi ya ƙi, ya umurce shi da ya daidaita tsakanin 'ya'yansa. Fita da uba kyauta ce, a wurin yaro ma ta fi sabuwar riga. In abin hawa ba zai ɗauke su duka ba, a yi layi, kowa ya san ranarsa. Uwar yaran ma a tuna da ita. Hutun makaranta a wurinta ƙarin aiki ne, saboda haka ko dai a tafi tare da ita cikin mutunci, ko a kwashe mata yaran ta sami wuni guda ta miƙe ƙafa.

Ban ce maƙwabcina ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai wuraren shaƙatawa da mai mutunci ba zai kai iyalinsa ba, saboda abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji. Akwai fitar da a ke yi domin a ɗauki hoto a nuna wa maƙwabta, har a ci bashi a kanta, wannan kuwa almubazzaranci ne da riya. Akwai hanyoyin da rashin tsaro ya sa hankali ba zai yarda a bi da yara ba. Duk waɗannan a kiyaye. A fita da sassafe ko bayan La'asar, a riƙe ruwan sha da laima, kada a yi nisa da ɗan shekara uku domin ƙafarsa gajera ce. A koya wa kowane yaro sunan ubansa da na unguwarsu, a ƙidaya su wajen tafiya da wajen dawowa. In hadari ya taso a sauko daga kan dutse, kada kuma a fake a gindin doguwar bishiya saboda tsawa. In lokacin salla ya yi a tsaya a yi ta tare, yaro ya ga ubansa bai bar ta ba ko a wurin nishaɗi.

Ba ina faɗin wannan ba ne domin na fi kowa. Manyan 'ya'yana sun tashi ina tsakanin aji da majalisa da littattafai, ina ganin na sauke nauyi tun da ba su kwana da yunwa ba. Kwanan baya babban ɗana, wanda shi ma yanzu magidanci ne, ya gan ni zan fita da ƙannensa, ya yi murmushi ya ce, "Baba, ashe ka san hanyar Dala." Da wasa ya faɗa, amma na kwana ina juya maganar. Kuɗin da na rasa jiya ina iya samunsa gobe, ƙuruciyar wannan yaro kuwa ta wuce, ba kuma za a sake ba ni ita ba.

Saboda haka, Alhaji, amsar tambayarka ita ce, i, akwai sauran hakki. Ci da tufafi da kuɗin makaranta ana iya aiko su ta hannun wani, amma riƙe hannun yaro a nuna masa duniya, a saurari tambayoyinsa, sai uba da kansa. Ka zaɓi rana guda a cikin makon nan, ka bar majalisa ta yi zamanta ba kai, ka kwashe su ko zuwa bayan gari ne. Furfurarka ba za ta ragu ba, wanda duk ya gan ka kuwa, in mai hankali ne, albarka zai sa maka.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.