Dodon Hoto da Ranar Birnin Gwari

In aka zazzage adakar tsohuwa a Birnin Gwari, da wuya a rasa dodon hoto a cikin wata ambulan: farar riga baƙa wuluk, gashi fari fat. Ba mai rataye shi a bango. Amma mai hoto na da ya san darajarsa, don in hoto ya yage ko ruwa ya ci shi, da dodon ake wanko wani.

Wayar hannu ta kashe kasuwar dodo a wajenmu. A Turai da Amurka kuwa, wasu masu hoto sun koma yin sa, amma da kwamfuta, saboda wata tsohuwar hanyar wanki da wani Bature, William Willis, ya yi wa rajista a Ingila a 1873. A wannan hanya ba tawada ce ke fitar da hoton ba, ƙarfe ne mai suna filatinam. Masu haƙar zinariya a dazukanmu za su gane dalilin nan take, domin shi ma ba ya tsatsa. Da yaƙin duniya na ɗaya ya sa filatinam ya yi wuyar samu, sai aka juya ga ɗan'uwansa faladiyam. Hoton da aka wanke da su yana nan daram muddin takardar ba ta ruɓe ba.

Ga yadda ake yi. A samo takardar auduga zalla, a shafa mata ruwan gishirin ƙarfen da aka gauraya da wani sinadari mai jin hasken rana, a bar ta ta sha iska. Sai a kifa dodo a kanta, a danne da gilashi, a kai rana ko a sa ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Daga nan a zuba ruwan wanki, hoto ya bayyana, ƙarfen ya shige cikin zaren takardar. Ba a faɗaɗa komai a nan: girman dodo shi ne girman hoto. A da, mai son babban hoto sai ya sha ɗaukar ƙatuwar kyamara. Tun wajen 1995, da Dan Burkholder ya fitar da littafinsa kan wannan dabara, aka shiga ɗaukar hoto da kyamarar zamani, a juya shi a kwamfuta, a buga dodon a kan leda mai haske da firinta.

To, a nan abin lurar yake. In ka juya hoto yadda ya yi maka kyau a allon kwamfuta ka buga, abin da zai fito a takarda zai ba ka haushi. Ko inuwa ta cushe ta zama baƙi guda, ko farar riga ta wanke ba a ganin ɗinkinta. Don haka gwani ba ya farawa da hoto. Yana farawa da ɗan tsiri mai matakai daga fari zuwa baƙi, sau da yawa 21, ya wanke, ya duba inda matakan suka haɗe, ya koma kwamfuta ya karkata dodon da gangan. Dodon da ya dace yakan yi muni a ido. Kuma gyaran da wani ya yi a Landan ba zai yi maka aiki a nan ba. Takarda daban, tawadar firinta daban, kuma laimar iska tana canza launin hoton da zurfin baƙinsa. Wanda ya gwada a watan Agusta a bakin dajin Kamuku, lokacin da ko ashana ba ta son kamawa, dole ya sake gwaji in hazon hunturu ya rufe rana.

Wannan sana'a ba ta aljihunmu ba ce, ƙarfen ya yi tsada. Amma mutumin Birnin Gwari ya san ciwon da take magana a kai. A 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa babur, aka kuma katse layin waya a wasu ƙananan hukumomi har da tamu, duk don a toshe wa 'yan bindigar daji hanya. A teburin ofis tsarin ya yi kyau, kuma ban ce babu hujja a cikinsa ba. Sai dai da ya sauka a ƙasa, manomin da babur ne jakinsa da motar asibitinsa ya tsaya cik, ƙauyen da aka taso wa da dare kuma ba shi da hanyar kiran agaji. Da an fara gwada shi a gunduma ɗaya, a saurari dagatai da 'yan kasuwa da direbobin hanyar Kaduna, da an ga inda inuwa za ta cushe tun kafin a shimfiɗa shi kan kowa.

A ƙarshen 2024 gwamna Uba Sani ya zo garin bayan sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Hotunan ranar sun yi kyau a waya, tireloli cike da dabbobi. Ni dai a wajena wannan ma tsirin gwaji ne, kuma mai gwaji ba ya tsayawa kan matakan da suka fito fes. Wajen duhun yake ƙura wa ido. A je Kakangi da Randagi da Kuyello da Dogon Dawa a tambaya: wa ya kai ga gonarsa ta nesa a daminar da ta biyo baya, wa ya biya kafin a bar shi ya yi shuka, kuma masarar wa ta iso rumbu.