Sabon Direba Tsakanin Ƙaddara Da Sakaci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa, tun daga jaki da raƙumi har ya zuwa mota da jirgi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda mutane da yawa suke ɗauka ba ta shafi addini ba, alhali kuwa ta shafi jini, wanda shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin bayi ranar Alƙiyama. Mas'alar ita ce: mutumin da ya hau mota ko babur bai gama koyon tuƙi ba, bai kuma san dokar hanya ba, har ya yi sanadin ran wani, shin yana da laifi a wurin Allah, ko kuwa ƙaddara ce kurum ta faɗa masa?

Tambayar ta fi nauyi a karkarar arewacin Kano, watau ƙasashen Bichi da Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir. Duk wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi, ko hanyar Daura ta Dambatta da Kazaure, ya san babu daji a wannan yanki. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hangen ƙauye, kuma shuka takan zo har bakin kwalta. Da damina dawa da gero sukan yi tsawo su rufe mahaɗar hanya, ta yadda direba ba zai ga yaron da ya fito daga burtali ba sai ya riga ya hau titi. Da kaka ga amalanken shanu ɗauke da dammunan hatsi, ba fitila gaba ba fitila baya. Da rani ga jakuna da buhunan taki, ga hazon hunturu. Kullum kuma ga almajirai da 'yan talla da awaki. A irin wannan hanya ce saurayi yakan fara tuƙi, bayan ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi babur, ko kuwa maigidansa ya miƙa masa makullin a-kori-kura don ya ga ya daɗe yana yaron mota.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, a Musulunci ilmi yana gaban aiki. Ɗaliban da suka karanta littafin Ahalari a zaure sun san tun a farkonsa aka koya musu cewa bai halatta baligi ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, in bai sani ba ya tambayi masana. Da wannan ƙa'ida malamai suka wajabta wa ɗan kasuwa sanin hukuncin ciniki, suka wajabta wa mahauci sanin yanka. To, in an wajabta wa mai yanka akuya ya koya kafin ya ɗauki wuƙa, yaya mai jan ƙarfen da zai iya hallaka mutum goma a lokaci guda? Iya murɗa sitiyari da sauya giya somin-taɓi ne kawai. Tuƙi ya ƙunshi sanin wanda yake da haƙƙin fara wucewa a mahaɗa, da ma'anar alamomin bakin hanya da zanen da ke kan kwalta, da inda aka hana wuce wata mota, da yadda ake duba burki da taya da fitila kafin a tashi. Saboda haka wanda ya ba da kuɗi aka kawo masa lasin har gida ba tare da an jarraba shi ba, takardar shaidar zur ce a aljihunsa, kuma shi da wanda ya sayar masa sun yi tarayya cikin abin da zai biyo baya.

Abu na biyu shi ne lamuni, watau ɗaukar nauyin ɓarnar da mutum ya jawo. Kada wani ya ce ai littattafanmu ba su san mota ba. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane gari na ƙasar Hausa, ta bayyana cewa mahayin dabba da mai janta da mai korarta su ne ke lamunce abin da ta taka, amma abin da ta yi ba da sanadinsu ba, ba a bin kowa. Dabba kuwa tana da rai da nata nufi, takan yi tutsu, takan firgita. Mota ba ta da nufin kanta, inda aka juya ta nan take bi, saboda haka nauyin da ke kan direba ya fi na mahayin doki. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai cikin shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma ana yi wa haɗarin mota hukunci da ƙa'idojin jinaya da fiƙihu ya sani. Ta kuma ce ba a sauke wa direba lamuni sai in abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon karewa, ko kuwa laifin na wanda aka buge ne, ko na wani mutum dabam.

Hukuncin kisan kuskure kuwa a fili yake a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i. Abu biyu ne: diyya da kaffara. Diyya haƙƙin magada ce, asalinta raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, kuma dangin wanda ya yi kisan ne suke haɗuwa su biya. Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, a kan mai kisan shi kaɗai: 'yanta baiwa ko bawa mumini, in babu, kamar yadda yake a zamaninmu, sai azumin wata biyu a jere. A nan ne jama'a da dama suke tuntuɓe. A ƙauyukanmu idan mota ta kaɗe yaro, sau da yawa mahaifinsa yakan ce ya yafe, haka Allah Ya rubuta, ba zai ci kuɗin jinin ɗansa ba. Wannan hali ne na girma, Allah Ya saka masa. Amma fa abin da ya yafe shi ne diyya, domin ita ce ta magada. Kaffara ba tasa ba ce balle ya yafe. Direban da ya ji an ce an yafe, ya koma tasha washegari ya ci gaba da lodi bai tambayi malami abin da ke kansa ba, yana yawo da bashin da ba mai sauke masa sai shi da kansa. Kuma a lura, Allah Ya ɗora kaffara a kan kuskure ne, domin a gane cewa ran mutum ya fi ƙarfin a ce “ban yi da niyya ba” a wuce.

Yanzu sai mu saurari masu ja, domin suna da hujjojin da ya kamata a amsa. Na farko yakan ce: in ajali ya zo ko kana tafiyar hawainiya sai ka mutu, in bai zo ba ko ka taka totur har ƙasa ba abin da zai same ka. Gaskiya ne ba mai mutuwa sai da ajalinsa, kuma wannan imani ne da ba Musulmin da zai bari. Sai dai Allah Ya ɓoye mana ƙaddara, Ya bayyana mana umarni, kuma a kan umarnin za a tambaye mu. Wanda ya soki ɗan'uwansa da wuƙa shi ma ajalin mamacin ne ya zo, amma ba alƙalin da zai sallame shi saboda haka. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu ganin kamar gudun ƙaddara ne cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Haka nan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Manomin Kunchi ma ba ya ƙin kai taki gona don ya san arziki rubutacce ne. Ƙaddara abin rarrashin wanda aka yi wa rashi ce. Idan mai sakaci ya karɓe ta ya mai da ita garkuwa, ya sa ta inda ba muhallinta ba.

Na biyu yakan ce: wannan doka ta gwamnati ce, ba a Alƙur'ani take ba. Amsa ita ce, shari'a ta zo don kare rai da dukiya, ta kuma ba shugabanni ikon tsara abin da zai kai ga haka, ta wajabta yi musu ɗa'a cikin abin da ba saɓo ba. Ga misali. Kafin ran 2 ga Afrilu 1972 a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, irin na Ingila, daga ranar aka koma hannun dama. Hagu da dama duka halal ne a asali. Amma da aka tsayar da guda, wanda ya ce shi a hagu zai ci gaba da tafiya don ba ayar da ta hana, kowa ya san mai neman ran mutane ne. Haka sauran dokokin suke, kamar ɗaura bel, wanda aka fara tilastawa a 2003, da hular kwano ga masu babur a 2009.

Na uku yakan ce: ai wasu ma'aikatan hanyar ba kare rai ne ya dame su ba, na goro suke nema. Inda aka sami haka, zunubi ne a kan mai karɓa da mai bayarwa don a kau da kai daga laifinsa, kuma wajibi ne shugabanni su tsawata. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, da hukumar KAROTA da Jihar Kano ta kafa a 2012, amana ce a hannun ma'aikatansu. Amma ɓacin ma'aikaci ba ya halatta jinin mai tafiya a ƙasa. Tsohuwar da ke tsallaka titi a Bichi ba ta karɓi ko kwabo daga hannun kowa ba.

Na huɗu kuwa, wanda hujjarsa ta fi taɓa zuciya, yakan ce: talauci ne. In bai ɗauki mutum huɗu a babur ba, ko bai yi sawu uku ranar kasuwa ba, ba zai haɗa kuɗin mai da na mai mota da na cefane ba. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma mai motar da ya yanka wa yaronsa kuɗin da ba za su samu ba sai da gudun wuce sa'a, yana da nasa kaso na alhaki. Duk da haka, ƙa'idar malamai ita ce ba a gusar da cuta da wata cutar irinta, balle wadda ta fi ta. Ba a ciyar da iyalin wani da maraicin iyalin wani.

To, mene ne ya hau kan sabon direba a aikace? Ya koya a hannun wanda ya iya, ya bari a jarraba shi, kada ya karɓi lasin sai ya cika shekara 18 kamar yadda doka ta ce. Ya san iyakar gudu: ƙaramar mota kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Ya kuma san dalilinta. Mai gudun kilomita 80 yana cin wajen mita 22 a daƙiƙa ɗaya, watau kafin ƙafarsa ta bar totur ta kai burki ya riga ya shafe wannan tazara. Kuma in aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja bayan an taka burki ninkuwa yake yi sau huɗu. Saboda haka ya rage gudu tun kafin ya shiga ƙauye ko kasuwa ko gaban makaranta, ya ɗauka a bayan kowace gonar dawa akwai yaro. Kada ya wuce mota a kwana ko a kan tudu. Kada ya yi tuƙi yana waya, ko yana jin barci, balle ya sha ƙwaya don ya kore shi. Da dare ya sauke babbar fitila in ya hango wani. In kuma tsautsayi ya auku, kada ya gudu ya bar wanda ya buge. In yana tsoron fushin jama'a, ya kai kansa ofishin 'yan sanda mafi kusa ya nemo taimako.

Su ma mutanen gari da nasu haƙƙin. Kau da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, saboda haka mai shanya hatsi a kan kwalta, da mai sakin dabbobinsa, da mai kasa kaya a gefen titi, da uban da ya ba ɗan shekara goma sha biyu babur, kowannensu zai amsa gwargwadon abin da ya jawo. Muna kuma roƙon limamai da malaman zaure su riƙa sanya wannan babi cikin wa'azinsu, musamman da kaka, lokacin da sababbin babura suke yawaita.

Amsar tambayarmu ke nan. Wanda ya koya, ya kiyaye, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, sannan abin da ya fi ƙarfinsa ya auku, ba shi da zunubi, sai ya kai maganarsa ga malami ko alƙali a duba ko akwai wani abu a kansa. Wanda kuwa ya hau hanya da jahilci ko ganganci, laifinsa ya fara tun sa'ad da ya murɗa makulli, ko da Allah Ya sa ya isa gida lafiya. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kiyaye mu daga ɗaukar alhakin rai, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyoyinmu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.