Barcin Tsaye da Barcin Kwance

Karatu: Ayyukan Manzanni 12:1-17, Zabura 121

Duk wanda ya taɓa bi ta kasuwar shanu ta Oko-Oba a Agege da tsakar dare ya ga yadda shanun da aka kawo daga Arewa suke kwance suna tuƙa. Doki kuwa halinsa dabam ne. 'Yan Arewa da ke kula da dawaki a filin folo na Ikoyi, wanda aka kafa ƙungiyarsa a 1904, sun san cewa doki yakan yi barci yana tsaye a kan turke. Mahalicci ya shirya masa jijiyoyi masu ɗaure gaɓoɓin ƙafa, ƙoƙon gwiwar baya kuma yana maƙalewa kamar sakata, har ya yi gyangyaɗi bai faɗi ba. Yakan dogara ga ƙafafu uku, ya ɗage kofaton baya ɗaya ya huta. Dabba ce da ake farauta a daji, saboda haka tilas ta zauna a shirye domin gudu.

Sai dai barcin tsaye ba ya isarsa. Cikin awa 24 doki yakan yi barcin kusan awa 3, amma yana bukatar wajen minti 30 a kwance, domin barci mai nauyi yakan saki dukan tsokar jiki. Kuma ba ya yarda ya kwanta sai ya amince da wurin. A cikin garke, waɗansu sukan kwanta, ɗaya ya tsaya gadi. Dokin da aka ware shi kaɗai a wurin da yake tsoro yakan yi kwanaki bai kai haƙarƙarinsa ƙasa ba, har wata rana ƙafafun gaba su lanƙwashe, ya faɗi ya guje gwiwa. Agwagwa ma ta san gadi: wadda ke gefen layi takan bar ido ɗaya a buɗe, rabin ƙwaƙwalwarta na barci, rabi na tsaro.

A gidajen masu bi da yawa a Agege akwai masu irin wannan barci. Maigida ya kwana gadin ƙofar wani a Ikeja, da gari ya waye ya kama wani aikin. Uwargida ta tashi ƙarfe 4 na asuba saboda cunkoson hanya. Idan sun sami kwanciya ma, zuciya a tsaye take: kuɗin haya, kuɗin makaranta, da labarin da waya za ta kawo daga gida. Irin wannan gajiya ba a cika faɗinta a majami'a ba, amma ana ganinta cikin saurin fushi da yara, da shirun da ke shiga tsakanin mata da miji, da gyangyaɗi a lokacin wa'azi, wanda sau da yawa akan yi gaggawar kiransa sanyin bangaskiya.

Manzo Bitrus ya fi kowa dalilin kwana a tsaye. Sarki Hirudus ya riga ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, ya kuma sa sojoji 16 su tsare Bitrus. A daren da za a wayi gari a fito da shi, yana ɗaure da sarƙa biyu tsakanin soja biyu, amma barci yake yi. Nauyin barcin ya kai sai da mala'ika ya buge shi a kwiɓi kafin ya farka, ya kuma ce masa ya yi ɗamara ya sa takalmansa. Ashe mutumin ya kwance ɗamara, ya tuɓe takalmi! Mai shirin gudu ba ya yin haka. Bitrus ya taɓa ganin Ubangijinsa yana barci a kan matashi cikin jirgi, hadari yana dūkan tekun Galili. Ya kuma san Zabura 121, wadda ta tabbatar cewa Mai tsaron jama'arsa ba ya ko gyangyaɗi.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya masa gadi. A gidan Maryamu, uwar Yohanna Markus, ikilisiya tana a farke tana addu'a dominsa. A nan ne aikin zumunta yake. Zumuntar mata za ta iya karɓar jaririn mai jego na 'yan awoyi domin ta runtsa. Matasa za su iya karɓar kwanan jinya a asibiti. Dattawan ikilisiya kuma ya kamata su yi tunani kafin su ɗora kwanan addu'a a kan wanda ya yi dare shida yana gadi. Hutawarsa a daren nan ba zunubi ba ce.

Da Bitrus ya tabbata ba mafarki yake yi ba, gidan nan ya nufa kai tsaye, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wata baranya mai suna Roda ta gane muryarsa, murna ta sa ta koma ciki da gudu ba ta buɗe masa ba, masu addu'ar kuwa suka ce ta haukace. Shi dai ya ci gaba da ƙwanƙwasawa har suka buɗe.