Darasi na 9: Kwana Arba'in na Mai Jego

Wuraren karatu: Littafin Firistoci 12:1-8, Luka 2:21-24, 1 Sama'ila 1:21-23, Ishaya 40:11

Sura ta 12 ta Littafin Firistoci gajeruwa ce, aya 8 kaɗai gare ta, masu karatu kuwa sukan tsallake ta, suna cewa shari'ar Yahudawa ce, ba ruwanmu da ita. Gaskiya ne ba mu ƙarƙashin wannan shari'a yanzu, gama Almasihu ya cika ta. Duk da haka ina roƙonku ku karanta ta a hankali cikin taronku, har sau biyu, gama a cikinta za mu ga yadda Allah yake duban macen da ta sauka.

Ga abin da aka umarta ta bakin Musa. Idan mace ta haifi ɗa namiji, za ta keɓe kwana 7, a rana ta 8 a yi wa yaron kaciya, sa'an nan ta ƙara kwana 33, duka 40 ke nan. Idan 'ya mace ce, kwanakin sukan ninka, 14 da 66, wato 80. Da cikar kwanakin sai ta kawo ɗan rago bana ɗaya, da ɗan tattabara ko kurciya. Wadda ba ta da halin rago, tsuntsaye 2 sun isa. Wannan hadaya ta matalauta ita ce Yusufu da Maryamu suka kai Haikali, kamar yadda Luka ya ba da labari.

Akwai kalma ɗaya a nan wadda takan ba mu wuya, mu masu aikin juyi. Sa'ad da aka ce mai haihuwa ba ta da tsarki, kunnen Bahaushe yakan ji kamar an ce ta yi ƙazanta, ko ta yi laifi. Kalmar Ibrananci ba haka take nufi ba. Tana nufin halin da yake hana mutum kusantar wuri mai tsarki na ɗan lokaci, kamar wanda ya taɓa gawar mahaifinsa sa'ad da yake yi masa sutura. Ko hadayar nan da ake kira ta zunubi, akan miƙa irinta domin bagade ma, bagade kuwa ba ya zunubi. Kada fa wata 'yar'uwa ta karanta surar nan ta ji kunya.

Shari'ar ta ce saboda jinin biƙi ne aka ba da kwanakin, amma ku dubi abin da ta jawo. Kwana 40 ba mai ikon tilasta wa matar nan ta yi tafiya zuwa wurin sujada. Ta zauna, ta warke. Likitoci kuwa sun tabbatar mahaifa takan ɗauki wajen mako 6, wato kwana 42, kafin ta koma yadda take. Haka Hannatu ta yi: da lokacin hadayar shekara ya zo, ta ce ba za ta haura Shilo ba sai ta yaye Sama'ila, mijinta Elkana kuwa bai yi mata gardama ba, ya bar ta ta yi abin da ta ga ya fi kyau. Maza, ku riƙe wannan aya.

Wani abu kuma da yakan faranta mini rai: a Ibrananci, kalmar mahaifa da kalmar jinƙai daga saiwa ɗaya suka tsiro. Haka yake a Larabci, daga can ne kuma Hausa ta sami kalmar rahama. Ashe duk sa'ad da muka roƙi rahamar Allah, muna roƙon irin tausayin da uwa take yi wa abin da ya fito daga cikinta. Ba abin mamaki ba ne da Ishaya ya kwatanta Ubangiji da makiyayi wanda ba ya kora masu shayarwa da gaggawa. Duk wanda ya ga Bafillace yana tafe da garkensa zuwa kasuwar shanu ta Mubi ya san saniya mai sabon maraƙi ba a tsananta mata.

To, mu ma muna da arba'in. A ƙasar nan ta Mubi, inda Fali da Gude da Margi da Higi da Kilba da Fulani da Hausawa suke zaune tare, kowace kabila da nata hanyar kula da mai jego, abubuwa masu kyau kuwa suna da yawa ciki. Uwa ko goggo takan zo ta zauna. Akan ɗauke wa mai jego daka da ɗebo ruwa. Akan dafa mata nama da romo, a dama mata kunun gyaɗa. Mai haihuwar fari takan tafi wankan gida wurin iyayenta. Kada bishara ta zama dalilin da za mu yar da waɗannan. Na'omi ma ta rungumi jaririn Rut ta zama mai renonsa.

Amma ba dukan abin da aka gada ne yake warkarwa ba. Kun san wankan jego irin na ƙasar Hausa: a tafasa ruwa, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya, a yi ta fyaɗa wa jiki safe da yamma, sa'an nan a sha kunun kanwa, a wasu wurare kuma a kwanta bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, wai domin a kori sanyi. A shekara ta 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga labarin mata 224 da aka kwantar a asibitin Zariya da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka ɗora nauyin abin a kan zafin nan da gishirin da yake cikin kanwa, gama gishiri yakan tara ruwa a jiki, zuciya ta yi ta fama da kayan da ya fi ƙarfinta. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka bincika ciwon a asibitoci da dama na Nijeriya. Sakamakon da suka buga a 2020 bai kama wanka da kunu da laifin ba. Ya nuna ciwon ya fi kama mata ramammu, da marasa abin hannu, da waɗanda jininsu ya hau lokacin ciki. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, ruwa mai ɗumi alheri ne, tafasasshe kuwa yakan ƙone fata. Kanwa ba ta dace da mai hawan jini ko mai kumburi ba. Abinci mai gina jiki kuma ya fi su duka.

Haɗarin da na fi tsoro shi ne sunan da muke ba ciwo. Na taɓa ziyartar wata 'yar'uwa a wani ƙauye kusa da duwatsun gabas, mako 3 bayan ta haihu. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da bango, tana tari dukan dare. Surukarta, mace mai ƙauna ƙwarai, ta ce mini, "Malam, sanyi ne ya shige ta, mun ƙara mata wuta da kanwa." Da ƙyar mijin ya yarda aka ɗauke ta zuwa asibiti a Mubi, inda aka ce zuciyarta ce ta gaji. Ta rayu, godiya ga Allah. Ba mugunta ce ta kusa kashe ta ba, ƙauna ce wadda ba ta san alamun ba.

Saboda haka shugaban taro ya maimaita waɗannan har kowa ya haddace. Idan jini yana zuba da yawa bai tsaya ba. Idan zazzaɓi ya zo, ko abin da yake fita yana wari. Idan kai yana sarawa ido yana gani dishi-dishi, ko jijjiga ta kama ta. Idan fuska ko ƙafafu sun kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya, ba a jira gari ya waye, ba a kuma jira a gama suna. Ku yi addu'a, amma ku yi ta a kan hanya. Ko lafiya lau take, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a duba uwa da jariri a ranar fari, da rana ta 3, da cikin mako na 2, da kuma a mako na 6. Bisa ga lissafin hukumar, a shekara ta 2020 fiye da kashi 1 cikin 4 na matan duniya da suka mutu ta dalilin ciki da haihuwa a Nijeriya suka mutu. Rahila ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu a hanyar Baitalami. Rut Kulp, matar Stover Kulp wanda ya fara aikin bishara a Garkida a 1923, ta rasu a can tare da jaririnta a 1924, aka sa wa asibitin Garkida sunanta. Wannan baƙin ciki ba baƙo ba ne ga jama'ar Allah.

Akwai kuma ciwon da ba a gani a ƙafa. Wata takan haihu lafiya, gida cike da 'yan barka, ita kuwa kuka take yi a ɓoye, barci ya ƙi, ba ta jin daɗin ɗaukar jaririn. In abin ya wuce mako 2, ciwo ne, yana kuwa da magani. Kada ku ce mata rashin bangaskiya ne, ko rashin godiya. Ku zauna tare da ita, ku karɓi yaron ta runtsa.

Ku matan Zumunta, kun iya zuwa suna da waƙa da sabulu da zane, madalla. Amma ran suna gida ba ya rasa mutane. A mako na 3 da na 4 ne, sa'ad da baƙi suka watse, damina kuma tana kira a gona, mai jego takan ɗauki fartanya ba don ta warke ba, sai don ba wanda zai nome mata gyaɗarta.

Domin tattaunawa: Su wane ne masu jego a ikilisiyarku yanzu, wa kuma ya leƙa su tun bayan suna? Idan jini ya ɓalle wa ɗayarsu da tsakar dare, motar wa ko keken wa za a tasa, kuɗin kuma daga ina? Maza su faɗi wane aiki na matansu za su ɗauka har kwana 40 su cika.