Mai Haɗa Ganga Da Alhakin Mashayi

Wata ranar Laraba, bayan mun tashi daga addu'ar yamma, wani saurayi ɗan ikkilisiyarmu ya tsaya yana jirana a bakin ƙofa. Mai walda ne. A Suame Magazin ta Kumashi ya koyi aiki, yanzu yana da 'yar rumfarsa a bakin tashar garinmu, a nan ƙasar Asante ta Gana. Sai da kowa ya watse ya ce, "Malam, ina da tambaya, amma don Allah kada ka kai ni gaban dattawa." Na ce ya faɗa. Ya ce wata gwauruwa, ita ma tamu ce, ta kawo masa ganga ta ce ya haɗa mata kayan dafa akpeteshi, har ta ba shi kafin alƙalami. "Ni ba na sha, Malam, kai ma ka sani. Ƙarfe kawai zan haɗa. Zunubi ne?"

Na so in ce masa i nan take, in wuce gida in ci tuwona. Amma bakina ya yi nauyi. Na ce ya ba ni kwana uku. Abin da na yi ta juyawa a raina cikin kwanakin nan shi ne nake so in shimfiɗa a gaban 'yan'uwa.

Ga waɗanda ba su san abin ba, akpeteshi shi ne abin da mutanen kudancin Nijeriya ke kira ogogoro, a arewacin Kamaru kuma akwai ɗan'uwansa da ake ce wa arki. Da bammi ake yinsa, ko da ruwan rake da aka bari ya yi tsami. Akan zuba shi a ganga a rufe, a hura wuta a ƙarƙashi. Barasa takan zama tururi kafin ruwa, ita a wajen digiri 78, ruwa kuwa sai 100. Tururin ya bi ta bututun tagulla da aka ratsa cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga cikin jarka. Fito na dawa da iyayenmu mata ke dafawa, wanda a nan ake ce wa pito, barasar da ke cikinsa da ƙyar take wuce kashi 5 cikin 100. Abin da ke ɗigowa daga bututun nan kuwa yakan kai kashi 40, har 50. Aikin gangar ke nan: ta tattara ƙarfin ƙorai da yawa ta dunƙule shi cikin 'yar kwalba ɗaya.

Da fari na duba ko dokar ƙasa za ta raba mana gardama, sai na ga ba za ta raba ba. A 1930 gwamnatin Turawa ta yi dokar rage shigo da jin daga Turai, harajinsa kuma ya yi tsanani, ga kuɗin koko ya faɗi a shekarun nan. Sai mutane suka shiga dafa nasu a daji. Gwamnati ta hana, ta kama, ta ci tara, ta ɗaure, abin sai ƙaruwa ya yi. Sunan ma kansa daga bakin mutanen Ga na Ankara ya fito, ma'anarsa tana nufin ɓuya. A 1962, zamanin Kwame Nkrumah, aka halatta shi ga mai lasisi. Ashe abin da ya kai kakan mutum kurkuku, yau jikansa yana yinsa da takardar gwamnati a hannu. Ganga ba ta sāke ba, abin da take yi wa hantar mutum bai sāke ba. Saboda haka takardar lasisi ba za ta amsa wa saurayin nan tambayarsa ba.

Littafi Mai Tsarki ma bai ambaci gangar da suna ba, gama a zamanin annabawa da manzanni ba a san shan barasar da aka tace da wuta ba. Ruwan inabi suka sani. Ba zan ɓoye ba, Ubangijinmu ya mai da ruwa ruwan inabi a bikin Kana, Bulus kuma ya shawarci Timoti ya sha kaɗan saboda cikinsa. Wanda ya ce ɗigo ɗaya ma zunubi ne ya faɗi abin da Littafi bai faɗa ba. Maye ne aka hana, an kuwa hana shi da ƙarfi a wurare da yawa. To, amma saurayinmu ba ya maye. Tambayarsa ta mai ƙira ce, ba ta mashayi ba.

Da ya dawo ran Asabar, ya zo da hujja biyu.

Ta fari ita ce ta wuƙa. Ya ce maƙeri yakan ƙera wuƙa, wani ya saya ya yanka albasa, wani ya soki ɗan'uwansa, ba wanda ke kama maƙeri. Wannan ba ta ba ni wuya ba. Wuƙa tana da aiki ɗari, ɗaya ne mugu, maƙeri kuwa bai san hannun da za ta faɗa ba. Gangar nan ya san wa zai yi wa, ya san abin da za a dafa, ya san rumfar da za a sayar, ya ma san sunayen waɗanda za su sha, gama tare muke zama da su a benci ɗaya ran Lahadi. Wanda ya san wannan duka ba zai ce ƙarfe kawai ya haɗa ba.

Hujja ta biyu ita ce ta hana ni barci. Ya ce, "Malam, in ban yi ba, wani zai yi. Wancan kuwa zai sa mata ruɓaɓɓen bututu daga tsohuwar rediyetar mota, ya like da dalma. Ni zan sa tagulla mai tsabta. Wanne ya fi, in yi da kyau ko in bari a yi da mugunta?"

Gaskiya ya faɗa game da dalma. Takan narke kaɗan kaɗan ta shiga abin sha, ta taru a jikin mutum, ta ɓata jini da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wata guba da ake kira metanol, 'yar'uwar barasa ce, ido ba ya rarrabe su, takan makantar ko ta kashe. A watan Nuwamba na 2000 ta kashe mutum fiye da 100 a Nairobi ta Kenya. A 2010 ta kashe kimanin 80 a gundumar Kabale ta Yuganda. A 2015 ta yi ɓarna a jihohin Ondo da Ribas na Nijeriya. Sai dai yawancin irin wannan mutuwa ta taro ba daga ganga take fitowa ba, daga kwaɗayin mai sayarwa ne, wanda ke zuba metanol na masana'anta don kayansa su yi yawa su yi ƙarfi. Kyakkyawan bututu ba ya maganin wannan.

Duk da haka na ɗauki hujjarsa da nauyi, don akwai wata doka a Maimaitawar Shari'a 22:8 da ta yi kama da tana bayansa. An umarci mai gina sabon gida ya ja 'yar katanga kewaye da rufin soro, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau gidan. Wato Allah yana duban aikin magini, yana kuma tambayarsa abin da ya sami mutumin da bai tura da hannunsa ba. Saurayin zai iya cewa tagullarsa mai tsabta ita ce katangar. Na daɗe a kan wannan. Daga baya na ga inda misalin ya karye. Soro an gina shi don a zauna, faɗowa hatsari ne, katanga kuwa tana tsare hatsarin. Amma mutanen da na binne a garin nan saboda akpeteshi, ban san ko ɗaya da dalma ko metanol ya kashe ba. Mai kyau suka sha. Ganga ta yi aikinta daidai, ba ta yi kuskure ba, su kuma suka kumbura ciki, idanu suka yi rawaya, suka tafi. Gangar ta fi kama da ramin da aka ambata a Fitowa 21:33-34, wanda in mutum ya haƙa ya bar shi buɗe, dabbar wani ta faɗa, shi zai biya. Gyara bakin rami ya yi sumul ba ya hana faɗawa.

Wani zai ce, to, fito fa? Ai shi ma yana sa maye. Haka ne, na kuwa ga gidajen da fito ya rushe. Amma ku lura da bambanci. Fito yakan cika ciki kafin ya gama da kai. A ƙwarya ake shansa, a fili, cikin mutane, inda tsoho zai iya ce wa yaro ya isa haka. Ba ya jure ajiya, kwana biyu ya lalace. Akpeteshi kuwa ba ya lalacewa, yana shiga aljihu, ana shansa a tsaye da asuba kafin a tafi gona, ba wanda ya gani. Ga araha, ga bashi. Yaranmu da ke saukowa daga Arewa su yi ƙodago a gonakin koko, na san waɗanda kaka ta yi, aka biya su, kuɗin ya wuce kai tsaye zuwa littafin bashin mai rumfa, har kunya ta hana su komawa gida. Wasu shekara goma ke nan.

Har zuwa nan maganar tana tafiya yadda nake so, ni ne mai gaskiya. Sai na tuna da kaina.

Kuɗin littafi da rigar makarantar mishan da na yi, daga tukunyar fiton mahaifiyata suka fito. Karatun da nake karanta Littafi da shi a gaban jama'a, da shi aka saya. Ban da wannan, kwanon da ke kan ɗakin sujadarmu, na san wasu bandir nasa da kuɗin akpeteshi aka saya, ranar baikon kaka, muka kuwa tafa wa mai bayarwa, ni ne ma na kira sunanta. Ba mu tambayi inda kuɗin ya fito ba, don mun sani. In alhaki yana bin mai walda saboda ya sani, to, ta wace hanya zai tsallake mu da muke zaune a inuwar kwanon?

Na ce wa saurayin, "Ƙanena, a ganina kada ka haɗa. Ba zan kai ka gaban dattawa ba, ba zan kuma ce Allah ya yashe ka in ka yi ba. Amma ka sani, kana da hannu. Cewa wani zai yi ba ya wanke kowa, gama da wannan magana ake yin kowane mugun aiki a duniya." Ya ce to. Ya ce amma shi ba zai iya mayar mata da kuɗinta shi kaɗai ba, sai in raka shi.

Muka tafi ran Litinin da yamma. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa. Na yi maganata a hankali yadda na iya. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "Malam, na ji. 'Ya'ya huɗu ya bar mini. Ranar da muka binne shi, kun yi waƙa, kun yi addu'a, na gode. Daga ranar zuwa yau wa ya taka ƙofar nan ya tambaye ni me suka ci? Yau da kuka ji zancen ganga, ga ku har ku biyu."

Ban sami amsa ba. Mijinta kuwa yana cikin waɗanda na ce na binne. Ta fi ni sanin abin da akpeteshi ke yi, ita ta yi jinyarsa wata bakwai. Ba jahilci ya kai ta ga gangar ba, lissafi ne. Ta duba sana'o'in da mace marar jari za ta iya yi a garin nan, ta ga wadda masu sayenta ba sa yankewa rani da damina.

A nan ne na ga kuskuren yadda mukan yi wannan magana a ikkilisiya. Mukan ɗora dukan nauyin a kan mutum biyu, mai dafawa da mai sha, don su ne ake gani. Mai walda ya ce shi ƙarfe ya haɗa. Mai gona ya ce shi itacen kwakwa ya sayar. Mai mota ya ce shi jarka ya ɗauko. Gwamnati ta ce ita haraji ta karɓa. Mu kuma mu ce baiko muka karɓa. Kowa ya yanki ɗan guntunsa ya ce wannan bai isa kisa ba, ga shi kuwa ana ta binne mutane. Har yanzu ina kan bakana cewa bai kamata saurayin ya haɗa gangar ba. Amma hanin da na yi masa bai ci mini ko sisi ba. Shi ya rasa ladan aikinsa, ita ta rasa hanyar abincin 'ya'yanta, ni kuwa na koma gida da sunan mai tsoron Allah. Wannan rabo bai yi daidai ba.

Na kai maganar gaban zumuntar mata, ban faɗi suna ba, ko da yake kowa ya gane. Bayan doguwar muhawara suka yarda a ba ta ɗaukar fari a adashinsu, ta sayi rogo ta riƙa suyar gari. Saurayin ya ce zai yanka gangar nan tata ya yi mata murhu, ya haɗa mata kaskon suya, ba zai karɓi ladan hannu ba. Ni ma aka yanka mini abin da zan riƙa sawa kowane wata, matata kuwa ba ta ji daɗi ba, ta ce albashin katikis ko mu bai ishe mu ba.

Da muka koma muka gaya mata, ta yi shiru tana lissafi da yatsunta. Ta ce ribar gari ba za ta kai rabin ta akpeteshi ba, ga hayaƙi, ga ciwon baya. Ta ce za ta gwada har zuwa Kirsimati, in kuɗin makarantar babban yaron bai fito ba, za ta nemi wata gangar ta kai wa wani mai walda, kada kuwa in sake zuwa mata da aya. Na ce na ji. Yanzu saura mako tara.