Haƙƙin Ɗan'uwanmu Wanda Ɓarin Jikinsa Ya Shanye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a nan Gaya mun san dattawa da 'yan kasuwa waɗanda a da ba sa rasa sahu, suna tsallaka gada zuwa Malanbil ko su nufi Kamba neman halali, amma yau suna kwance, ɓarin jiki ya shanye. Muna ganin hannu da ƙafa da suka mutu, amma abin da ke cin zuciyarsu ya ɓoyu gare mu.

Likitoci sun bayyana cewa wannan cuta tana faruwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini shi ne babban sababinta. Kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka rayu bayanta yana faɗawa cikin matsanancin baƙin ciki: ya ƙi abinci, barci ya gagare shi, ya ƙaurace wa mutane. Wani yakan fashe da kuka ko dariya ba dalili, wani ya zama mai saurin fushi, wani kuma magana ta ɗauke masa alhali hankalinsa yana nan.

Saboda haka kada mu yi gaggawar cewa sammu ne ko aikin aljanu, kada kuma mu zarge shi da rashin tawakkali. Rauni ne a ƙwaƙwalwa, kuma yana da magani. Manzon Allah (SAW) ya umurce mu da neman magani, ya kuma sanya gaishe da marar lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa.

To, mu ziyarce shi, mu yi masa magana a hankali, mu jira amsarsa. Mu tuna masa cewa shari'a ta sauƙaƙa masa: ya yi taimama idan alwala ta gagara, ya yi salla a zaune ko a kwance. Idan baƙin cikin ya wuce mako 2, a sanar da likita a asibitin Gaya ko na Dosso. Idan kuwa ya fara ambaton kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar. Matan da ke jinyarsa dare da rana su ma mu rage musu nauyi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa ciwon ya zama kaffara, amin.